Kwamfutar da Ke Mutuwa a Hannun Ɗiyata

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa. Na taso na iske mahaifina yana fama da jigo a fadamar Wurno, ya sunkuya ya ɗago, ya sunkuya ya ɗago, har bayansa ya lanƙwashe bai sake miƙewa ba. Da aka yi dam na Goronyo, ruwa ya zauna cikin gulbi har rani, sai ƙananan injuna suka shigo, mai albasa da mai shinkafa kowa ya nemi nasa. Inji kuwa ba ya rabo da ciwo. Ni da na bar makaranta a aji uku na sakandare sai na samu abin yi. Daga Wurno zuwa Rabah, daga Rabah zuwa Goronyo, babu fadamar da babur ɗina bai shiga ba, da akwatin sifana ɗaure a baya.

Na fara da wannan ne don a san irin girman kan da na shiga maganar kwamfuta da shi. Wanda ya saba warware inji ya baje shi bisa buhu, ya mayar da shi ya tashi, yakan ɗauka babu ƙarfen da zai gagare shi.

Ɗiyata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Shekarar da take ajin ƙarshe, jarrabawar shiga jami'a ta riga ta bar takarda da biro. A kwamfuta ake yin ta, kowa da tasa, agogo yana gudu a gefen allo. Yarinyar tana da ƙoƙari, malamanta ma sun shaida, amma ba ta taɓa riƙe maus ba, ɗan abin nan da ake nuni da dannawa da shi. Ta faɗa wa uwarta cewa ba tambayoyin take tsoro ba, tsoronta kada ta danna wani abu ta ɓata komi. Uwar ta kawo mini maganar tare da tuwo.

Na ce, "Kwamfuta ba inji na ba? In dai inji na, a bar ni da ita."

Da na sayar da 'yar albasar da na noma, na tafi Sakkwato. Haɗaɗɗiya ta fi ƙarfina. Wani mai shago ya ce in sayi kayan daban-daban, wasu sababbi wasu na hannu, a haɗa, zai fi mini sauƙi. Ya ma ce zai haɗa mini kyauta. Na ce a'a, ya dai tura mini bidiyon yadda ake yi a wayata. Ya zuba mini abin da ake zubawa cikin had dis, rumbun ajiyarta, har da tambayoyin gwaji irin na jarrabawar, masu agogo. Na kwaso kayana na dawo.

Na shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakina na jera su yadda nake jera kayan inji. Ga babban faifan da ake kira madabod, ga ram guda biyu kamar tsinken mataji, ga akwatin wuta. Ga kuma furosesa, ɗan ƙarfe da bai kai akwatin ashana ba, wanda aka ce shi ne ƙwaƙwalwarta. Bisa kansa ake ɗora wani ƙarfe mai haƙarƙari da fanka, don ya janye zafi. Wannan na gane shi tun daga nesa, domin kan silindar injinmu ma haka yake.

A gindin wannan ƙarfen, daidai inda zai zauna bisa furosesa, akwai wata 'yar leda garai-garai a manne, da jan rubutu da kibiya. Karatuna ya kai in gane cewa nufinsu a ɓare. Na sa farce har na ɗaga kusurwa, sai na mayar na danne.

Dalili biyu ya sa. Na farko, mu a gidanmu ba a ɓare ledar sabon abu. Rediyon mahaifina har ya rasu da ledarsa a fuska, ta yi jawur ta tsattsage, amma ba mai ikon taɓa ta. Sirdin babur ɗina da ledarsa. Wayata da tata. Kowane sabon abu yana zuwa da rubutun a ɓare, ba mu ɓarewa, kuma ba mu taɓa ganin abin da ya faru ba. Na biyu shi ne hankalin makaniki. A wurinmu ƙarfe biyu ba su haɗuwa sai da 'yar shimfiɗar da muke kira gasket a tsakani. Na ce a raina, ai ga gasket ɗinta nan sun sa mata. Na shafa farin man da ya zo cikin ɗan sirinji, na ɗora ƙarfen, na ɗaure kusoshi a gicciye kamar yadda nake ɗaure kan silinda. Na danna maɓalli, tashi ɗaya ta tashi. Na kira mutanen gida suka gani. Ledar kuwa na manta da ita kamar ban taɓa ganinta ba.

Wutarmu ta sola ce, batirin ya tsufa, rana na faɗuwa shi ma ya kwanta. Don haka Uwata ba ta da lokacin zama gaban kwamfuta sai ta dawo makaranta, tsakanin azahar da la'asar. Ga shi bazara ta shigo. Ɗakin rufin kwano ne, a wannan lokacin ko ƙadangare ba ya son bangonsa.

Ranar farko na dawo daga fadama na iske allon baƙi ƙirin, ita kuma tana zaune gabansa ta cusa hannuwanta cikin hijabi. Ta ce tana cikin amsa tambayoyi sai komi ya sandare, maus ya ƙi motsi, can sai ɗif, har fankar ta tsaya.

Na ce, "Mi kit taɓa?"

Ta ce, "Ban taɓa komi ba, Baba."

"Inji ba shi mutuwa shi kaɗai, Uwata. Tuna dai."

Wannan maganar ba ranar na ƙirƙiro ta ba. Ita nake yi wa manoma, kuma sau da yawa gaskiyata ce. Wani ya murɗa kusar kabureta, wani ya zuba fetur mai ruwa, in ka tambaya ya rantse bai taɓa komi ba. Bakina ya saba da ita har ba ta bi ta kaina kafin ta fito.

Washegari da safe, kafin in fita, na kunna. Ta tashi lafiya lau. Na buɗe nan na buɗe can, na kasa kunne na ji ƙarar fanka daidai, na kashe na hau babur. Haka nake gwada inji: in ya tashi, muryarsa ta yi daɗi, ruwa ya fito, an gama. Da la'asar na dawo na iske ta mutu. Haka jibi, haka gata. A hannuna da rai, a hannunta gawa.

Ba zan ce ban yi bincike ba. Na yi, har na wuce iyaka. Na fara zargin wuta, na sauya waya daga batir har ɗaki, na aro janaretan maƙwabcina na ɗora ta a kai. Ta mutu. Na buga wa mai shago, ya ce in ciro ram in goge bakinsu da magogin fensir, in gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na goge, na gwada, kowane da ranarsa. Ta mutu da wannan, ta mutu da wancan. Ya ce to akwatin wuta ne, na hannu ba shi da tabbas. Na aika aka kawo sabo a motar haya. Kwana ɗaya ta yi kamar ta warke, domin ranar an yi hadari garin ya yi sanyi, har na ba yara sadakar ƙuli-ƙuli. Da rana ta dawo, cutar ta dawo.

Akwai wani malamin makaranta a Rabah da nake gyara wa inji, wanda ya san kwamfuta. Na naɗe ta cikin bargo na ɗaure a bayan babur na kai masa. Ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, sai an share komi an sake zubawa. Muna zaune a zaurensa da tsakar rana, aikin ya yi nisa, sai ga ta ɗif a gabanmu. Ya ce faifan sidinsa da yake zubawa da shi ne ya karce. Na ce haka ne, Malam. Ya bari sai da yamma ya sake, ta karɓa, ya mayar da tambayoyin gwajin.

Wannan wurin nakan tsaya a kansa in na tuna. Ta mutu a hannun namiji mai digiri, ɗiyata tana Wurno ba ta ma san ana yi ba, amma ban lissafa wannan mutuwar ba. Shi na ba shi uzuri tun kafin ya nema. Ita kuwa da ta mutu mata kashegari, tambayar nan dai na sake yi.

Daga ƙarshe na ɗauke ta dungum na kai Sakkwato. Shagon mutumin akwai na'urar sanyaya ɗaki, sanyi har cikin ƙashi. Ya buɗe murfin ya leƙa, ya ga fanka na juyawa, ya girgiza ƙarfen nan ya ji ko motsi ba ya yi.

Ya ce, "Kai, Alhaji, wanga ɗauri naka ko kamfani sai haka."

Na ji daɗi har kunnuwana. Ya kunna ta, muka bar ta tana aiki, na je na yi salla, na ci abinci, na dawo, tana nan garau.

Ya ce, "Lahiyarta lau. Wa ka aiki da ita can gida?"

Na ce, "Ɗiyata."

Ya ɗaga kafaɗa. "Tau. Ka san yara da danne-danne."

Abin da nake son ji ke nan, kuma na yi tafiyar nan duka don a faɗa mini shi.

Da na dawo na ce yau a gabana za a yi. Na ƙi fita aiki. Ta dawo makaranta, ko abinci ba ta gama ci ba na ce ta zauna. Na tsaya bayanta na harɗe hannu kamar mai gadin kasuwa. Tambayar da na san ta sani sai ta karanta ta sake karantawa. Ta ɗan saki jiki ke nan, agogon allo ya tsaya. Hannunta yana kwance inda yake, na gani da idona, ba ta danna komi ba. Allon ya yi baƙi.

Da mai hankali ne a wurin, da ya ce, ashe ba ke ba ce. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, ta juye ta zama fushi. Na ce ta cika danna shi da ƙarfi. Sannan na faɗi maganar da har yau nake neman gafarar Allah a kanta.

Na ce, "In nan gida kina kashe wagga, can hwa? Ki je ki kashe ta mutane a ce ubanki ya biya?"

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi, ta gyara kujerar, ta fita a hankali kamar mai fita ɗakin marar lafiya.

Daga ranar ba ta sake shiga ɗakin ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta ji labari ta ce ai akwai masu irin wannan hannun, in sun taɓa kunu sai ya tsinke, in sun dasa ice sai ya bushe, ba laifinsu ba ne, halitta ce. Da tausayi ta faɗa. Uwata ta ɗauka. Ta tuna wani koko da ya taɓa tsinke mata, ta tuna wata tocila da ta mutu a hannunta. Har wayar uwarta ta daina karɓa, in an miƙo mata sai ta ce a ajiye. Jarrabawa tana matsowa, sai ta ce wa uwarta bana ba za ta zauna ba, a bar ta ta je koyon ɗinki wurin gwaggonta.

Uwar ta same ni ina wanke fulogi cikin fetur. Ba mai yawan magana ba ce, shi ya sa in ta yi takan zauna.

Ta ce, "Malam, da can tsoro guda gare ta. Kat tai Sakkwato kas sawo mata na biyu."

Na ce, "Ni da nis sai da albasata don ita?"

"Awo. Albasa ta tai, ɗiya ko tana shirin bin ta."

Na ci gaba da wanke fulogina. A raina har lokacin ina cewa ni na yi iyakar ƙoƙarina.

Cikin wannan hali taubashina na Goronyo ya bugo mini waya. Ɗan gwaggota ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa. Ya yi shinkafar rani a ƙasan dam, ya sayi sabon inji, injin yana mutuwa, shinkafa ta fara naɗe ganye. Na isa wajen azahar. Tun daga kan gaɓa na hango shi tsugune gaban injin ya dafe kai.

Na ce, "Bawana, wa ya rasu?"

Ya ce, "Kai dai zaka ka yi aikinka, mai baƙin hannu. Sabo hul na. Da sahe lahiya lau, rana na yin tsaka sai shi mutu. In ya huta shi tashi, can kuma shi mutu."

"Mi kat taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komi ba."

Da na matso na ga abin da ya yi, dariya ta kusa kayar da ni cikin ruwa. Ledar da injin ya zo da ita bai cire ba. Ya huda mata ƙofar igiyar tayarwa da ta salansa mai fitar da hayaƙi, sauran ya naɗe ya ɗaure da roba. Bisa wannan kuma ya kifa kwalin, wai kada rana ta cinye jan fenti. Wurin da injin ke shaƙar iska ya toshe, haƙarƙarinsa duk a lulluɓe. Na kai tafin hannu na janye da sauri, zafi kamar tanda.

Na fiddo wuƙa na shiga yanka ina zaginsa. "Kai baƙauye! Amarya ka sawo ko inji? Kai in an naɗe ka cikin leda da rana tsaka anka ce ka yi noma, kana kai la'asar? Abin ga zahi na ka kashe shi!"

Ya ce, "A'a, sannu boka. Kai ɗin da ledar sirdin babur ɗinka ta girmi autanka? Duk danginku haka ku ke, kawu ma da ledar rediyonai anka yi mai sutura."

Na buɗe baki in rama, sai idona ya sauka kan abin da ke hannuna. Ina riƙe da ledar injinsa, ta yi laushi don zafi, tana manne mini a yatsu. Da safe lafiya lau, rana na yin tsaka sai ya mutu. Na ga ɗakina mai rufin kwano. Na ga shagon Sakkwato mai sanyi, na ga ranar hadari. Sannan na ga farcena ya ɗaga kusurwar wata 'yar leda mai jan rubutu, ya mayar ya danne.

Taubashina ya ce, "Lahiya? Ko aljanun dam sun taɓa ka?"

Na ce, "Bari shi huce ka tada shi. Kak ka sake suturta shi."

Ya biyo ni yana cewa in tsaya in sha fura, yana cewa bai taɓa ganin makaniki ya gudu ya bar ladansa ba. Ban waiwaya ba. Hanyar Goronyo zuwa Wurno na san kowane rami nata, amma ranar na faɗa cikinsu duka. Abin da ya fi damuna a hanya ba ledar ba ce. Kuskure kowa na yi. Abin da ya dame ni shi ne, da injin wani ne, tambaya ta biyu da zan yi ita ce da wane lokaci yake mutuwa. Ita ce tambayar da ko sabon shiga ya sani. Ban yi ta a gidana ba, domin na riga na samu mai laifi, kuma mai laifin ba ta iya musu da ni.

Na iso la'asar ba ta yi ba, zafi yana nan. Na buɗe ɗakin na cire murfin kwamfutar. Na leƙa tsakar gida na ce, "Uwata, zaka."

Ta zo ta tsaya bakin ƙofa.

Na ce, "Ba zamnawa za ki yi ba. Tsaya nan inda ki ke, ki duba kawai."

Na kunna da hannuna, na buɗe tambayoyin gwaji, agogo ya fara gudu. Na zauna na jira, abin da ban taɓa yi ba tun da na haɗa ta. Zufa tana bin bayana. Ita tana tsaye, ni ina zaune. Can agogon ya sandare, allon ya yi baƙi. Nan take na kai yatsa bisa haƙarƙarin ƙarfen nan. Da yana aikinsa, da ya ƙone ni. Sanyi na ji, kamar gefen randa. Zafin duk yana ƙasa a tsare, bai samu hanyar hawowa ba.

Na kwance kusoshin nan da aka yaba mini ɗaurinsu. Na ɗago ƙarfen na juya shi. Ga ta nan, ta yamutse, ta yi ruwan ƙasa a tsakiya, farin man ya bushe a jikinta, jan rubutun yana nan ana karantawa. Na ɓare ta na ɗora bisa tafin hannuna na miƙa.

"Kin ga wagga? Cewa sunka yi a ɗebe ta. Na karanta, na gane, nib bar ta. Ita ta ka kashe ta tun ranar hwarko. Hannunki bai da komi. Ni na."

Ta dubi ledar, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

A wurinmu uba ba ya neman gafarar ɗiyarsa da baki. Yakan sayo mata atamfa, ko ya ƙara mata nama, kowa ya gane a wuce wurin. Na yi tunanin atamfar. Amma da baki na yi ɓarnar, a gabanta, kuma atamfa ba ta zuwa ɗakin jarrabawa.

Na ce, "Maganar da niy yi miki ranan, ba gaskiya ba ta. Ki yahe mini, Uwata."

Ta durƙusa da sauri ta rufe fuska da hijabi. "Haba Baba. Don Allah ka bari."

Daga tsakar gida muka ji muryar uwarta, ashe tana jingine da bango. "A'a, ƙyale shi shi ida. Ba kullum aka samun irin ta ba."

Uwata ta yi wata 'yar dariya cikin hijabi, da hawaye a ciki. Na goge tsohon man, na shafa sauran da ke cikin sirinji, na mayar da ƙarfen tsirara bisa furosesa. Na kunna, na ɗora yatsa. A hankali ɗumi ya hawo, ya zama zafi. Ban taɓa murnar jin zafin ƙarfe irin ta ranar ba.

Na ɗauka shi ke nan, amma tsoro ba kusa ba ne da za a kwance. Na ce ta zauna, ta ce sai gobe. Gobe ta yi, ta ce kanta na ciwo. Uwar ce ta gane. Ta ce mini, "Kai na ciwon kan. Tai fadama, kak ka dawo sai magariba." Fita daga gidana don ɗiyata ta samu sukuni, wannan ya fi neman gafarar ɗaci. Na tafi Gandi na yini kan wani injin da bai kai aikin yini ba. Da na dawo na iske su biyu cikin ɗakin, uwar tana tsince wake a ƙasa, ita tana bisa kujera. An ce mini ta fara da gefen hijabi a kan maus, sai da ta ga agogon ya wuce inda ya saba tsayawa sannan ta janye ƙyallen. Ta kai ƙarshen tambayoyin. Washegari ta sake. Maganar ɗinki ba wanda ya ƙara tayar da ita.

Ranar jarrabawa na raka ta Sakkwato. Iyaye muna zaune ƙarƙashin dogon yaro a waje. 'Yan rukuninsu suka fara fitowa, wasu na dariya wasu na share ido. Aka watse, ba ta fito ba. Na miƙe na zauna, na sake miƙewa. Sai can na hango ta tana tahowa ba gaggawa.

Na ce, "Lahiya? Kowa ya hito."

Ta ce, "Tawa ta mutu, Baba. Ina tsakiya tas sandare."

Na ce, "Sai kiy yi mi?"

"Nid ɗaga hannu. Mai tsaron ya zaka, yac ce mini, ke mi kit taɓa?"

Na ji maganar tawa daga bakin wani, na ji yadda take sauka.

"Nic ce mai ban taɓa komi ba, ku duba abinku, ƙila zahi na. Yad dube ni, yat taɓa bayanta, sai anka maishe ni ga wata. Na gama duka."

Na tsayar da mai ruwan sanyi na saya mata, ta sha rabi ta miƙo mini sauran. Muka nufi tasha. A mota ta yi barci tun kafin mu bar gari, hannuwanta a waje bisa cinyarta.

Tambayar nan har yau takan zo mini baki, ga manoma, ga ƙannenta, wani lokaci ga uwarsu. Wani sa'in nakan kama ta kafin ta fito, wani sa'in sai ta riga ni. 'Yar ledar tana cikin akwatin sifanana, nakan ci karo da ita in ina neman ƙaramar kusa. Ta sirdin babur kuwa tana nan, ban ɓare ba.